Madannin Tangarahon Kawu: Yadda Muka Sake Gina Shi Don Aiki a Gona

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi aikin gidan waya a nan Garwa tun zamanin da ake buga saƙo da harufan Mos. Da ya yi ritaya bai yar da abin ba. Ya bi hanya ya samu takardun izinin rediyon 'yan sha'awa daga hukumomin sadarwa, aka ba shi lambar kira mai farawa da TJ, wadda ita ce alamar Kamaru a iska, kamar yadda TT take ta Cadi, 5N kuma ta Najeriya. Ni sana'ata gyaran rediyo da talabijin da wayar hannu, saboda haka duk abin da ya samu matsala a kayansa shagona yake kwana. Wannan bayani ne a kan madanninsa na tafiya, wato abin da yake dannawa ya buga Mos: yadda ya riƙa ɓata masa saƙo har ya fara zargin hannunsa, abin da muka tarar da muka bincika, da yadda muka sake gina shi da kayan da ake samu a garin nan.

Sai na fara da dalilin da ya sa dattijo mai shekarunsa yake ɗaukar rediyo zuwa gona. A cikin gari gajeren zango ya cika da hayaniya. Gidaje da yawa yanzu akwai inbata ta sola, ga cajar waya, ga ƙwan fitila na zamani, kuma kowannensu yana zubar da ƙara a kan mitocin da ake saurare. Tashar da ke kira daga nesa da ƙaramin ƙarfi sai ta nutse a cikin wannan shuu ɗin. Gonar Kawu tana hanyar Pitowa, inda ake hango duwatsun Tingilin, kuma babu layin lantarki kusa da ita. A can yake jefa waya mai tsawon mita 10 a kan darbejiya, ya shimfiɗa tabarma, ya kunna Yaesu FT-817 ɗinsa wanda ƙarfinsa bai wuce wat 5 ba, ya tsaya kusa da megahaz 14.060, wurin haɗuwar masu ƙaramin ƙarfi. Takardunsa kullum suna cikin jaka, kuma tun farko ya kai gaisuwa wurin jauro ya yi masa bayanin abin da yake yi. Duk mai son kafa eriya a bayan gari a yankinmu, da wannan ya kamata ya fara kafin ya sayi ko da sukuru ɗaya.

Jiragen ruwa sun bar Mos a matsayin hanyar neman agaji tun 1999, kuma taron ƙungiyar sadarwa ta duniya na 2003 ya cire shi daga sharuɗɗan dole na samun izinin gajeren zango. Duk da haka masu shi ba su sake shi ba, don yana da abin da murya ba ta da shi. Sautin Mos faɗinsa a iska bai fi haz 150 ba, murya kuwa tana cin wajen 2400. Ƙarfin nan na wat 5 idan aka tattara shi a ɗan siririn wuri sai ya kai Turai daga gefen Binuwai, da batirin da zai shiga aljihu. Kuma masu buga Mos da TJ ba su da yawa, shi ya sa da Kawu ya yi kira sai tashoshi su taru a kansa, kowa na son ya rubuta Kamaru a littafinsa. A irin wannan cunkoso, harafi ɗaya da ya lalace yana jawo maimaici da ɓacin rai ga mutum goma.

Ƙorafin da ya kawo

Shekaru da yawa Kawu da madanni na asali yake aiki, wanda ake dannawa ƙasa a saki. Daga baya wuyan hannunsa ya fara ciwo, ciwon da masu tangaraho suka daɗe da sani. Shi ne ma ya sa Horace Martin na Amurka ya ƙirƙiro madanni mai motsin gefe da gefe, ya yi masa rajista a 1904, abin da ya zama Vibroplex. Kawu ya koma irin na yanzu mai kunne biyu. Babban yatsa ya tura kunnen hagu, sai a samu gajeren sauti. Manuniya ta tura na dama, sai a samu dogo. Shi madannin ba ya auna komai, makunni biyu ne kawai. Kiya, wato na'urar auna bugu da ke cikin rediyo, ita ke yanka sautin daidai: dogo ninki uku na gajere, tazarar tsakanin harufa ninki uku, tsakanin kalmomi ninki bakwai. Lissafin tsawon gajere shi ne a raba 1200 da yawan kalmomi a minti. Kawu yana bugawa wajen kalma 20 a minti, wato gajere ɗaya kashi 60 ne cikin dubu na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci ne ƙarfe zai taɓa ƙarfe, wuta ta wuce, ya saki. In ya makara kaɗan, ko ya taɓa bai kama ba, harafin ya canja.

Madannin nasa na tafiya wani abokinsa ne ya aiko masa daga waje, ƙarami, mara nauyi, jikinsa roba ce irin wadda inji ke zubawa layi bisa layi. Farkon zuwansa lafiya lau. Daga tsakiyar hunturu abin ya soma. J, wanda gajere ɗaya ne da dogaye uku, sai gajeren ya faɗi ya koma O, lambar Kawu ta tashi daga TJ ta zama TO, alamar da ke hannun Faransa. Lamba 5, gajeru biyar, ta koma H. C na kiran CQ, wato kiran neman duk wanda ke ji ya amsa, ya rasa wutsiyarsa ya zama K. Wani lokaci kuma akasin haka, gajere ya ƙaru inda ba a sa shi ba. Da bazara ta kama, abin ya kai ga wataran rediyon ya riƙe dogo yana ta zubawa ba tsayawa, sai da ya zare filogi.

Ya zo shago ya ajiye shi a kan tebur ya ce, "Ɗana, ina jin ba laifin abin nan ba ne. Hannu ne ya tsufa."

Na ce, "Kawu, ku bari a gwada tukuna. In hannu ne, ai a ko'ina zai yi kuskuren, a gida da daji."

Wannan magana tasa ita ta fi damuna a duk lamarin. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana alfahari da tsabtar bugunsa, idan ya yarda cewa hannunsa ya ƙare, ajiye rediyon zai yi ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ban so ƙaramin abu na roba ya yanke masa wannan hukunci ba.

Rarrabe cutar

FT-817 yana da wata dama mai amfani: idan aka kashe BK, wato saitin da ke sa rediyo ya watsa da zarar an danna, kana jin sautin bugunka a lasifika amma ba abin da ke fita iska. Da wannan muka raba matsalar gida biyu. Duk kuskuren da ya bayyana alhali rediyo ba ya watsawa, na ƙarfe ne ko na hannu. Wanda kuma bai bayyana ba sai ana watsawa, daga eriya yake.

A shago, da safe, na danne madannin da hannuna a kan tebur, Kawu ya buga. Kuskure ya ragu ƙwarai nan take, har shi kansa ya ɗago ya dube ni. Na saki, ya ci gaba, sai ga madannin yana ja da baya kaɗan-kaɗan duk lokacin da babban yatsa ya tura. A gona a kan tabarma yake ajiye shi, ko ya riƙe da hagu yana bugawa da dama, ga biro ga littafi. Kamar daka ne a turmin da bai zauna ba: rabin ƙarfin tabarya a banza yake tafiya. Turin da ya kamata ya rufe makunni sai ya ƙare a matsar da jikin madannin gaba ɗaya, gajeren farko ya ɓace. Wannan shi ne ciwo na ɗaya, kuma shi ya fi kowanne yawan ɓarna, ko da yake shi ne mafi sauƙin magani.

Amma ko da na danne, jefi-jefi gajere yana faɗuwa. Na sa mitar awon om, mai nuna yadda hanya ke tare wuta, a kan filogi, tsakanin kan filogin da gindinsa, na riƙe kunnen hagu a rufe. Maimakon allura ta tsaya kusa da sifiri, sai ta riƙa yawo, wani lokaci om kaɗan, wani lokaci ɗaruruwa, gwargwadon yadda na matsa. Da na buɗe na duba da madubin gyaran waya, na ga abu biyu. Bakin makunnin sukuru ne na ƙarfe yana bugun ɗan fallen tagulla, tagullar ta yi duhu, kuma a kanta akwai wata farar ƙura mai laushi da ta manne. Ƙurar hunturu ce, irin wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi tsakanin Nuwamba da Maris, wadda duk matar gida a Garwa ta santa a kan kwanukanta. Ta fi gari laushi, kuma ba ta barin wuta ta wuce.

A nan akwai abin da masu gyara da yawa ba sa lura da shi. Makunnin fitila ko na injin niƙa wuta mai ƙarfi ke bi ta cikinsa, ɗan tartsatsin da yake yi yana ƙone dattin da ke bakinsa. Wutar da kiya ke turawa madanni kuwa bolt kaɗan ce, kuma abin da ke gudana bai taka kara ya karya ba. Ba ta da ƙarfin huda ko da siririn mayafin tsatsa. Shi ya sa tagullar da za ta yi shekaru tana aiki a soket ɗin bango, a madanni wata uku ya ishe ta ta fara gardama.

Abu na biyu da na gani ya fi wannan ɓoyuwa. Hanyar da wuta ke komawa ba ta da wayarta. Ta cikin sukurun da kunne ke juyawa a kansa take bi. Wato duk sanda kunne ya motsa, mahaɗin da ke ɗauke da wutar shi ma yana motsi, ga ƙura ta shiga, ga ɗan mai da wani ya ɗiga. Ko da an goge bakin makunni ya yi ƙal, wannan wurin zai ci gaba da yanke wuta.

Sai zafi. Na lura tazarar kunnen hagu ta fi ta dama faɗi sosai, kuma sukurun daidaitawa yana juyawa ba ya kamawa. Ramin da yake ciki ya buɗe ya zama kamar ƙwai. Robar da aka fi zuba irin waɗannan kaya da ita, PLA, tana fara laushi tun daga wajen digiri 60. Wanda ya zana madannin a ƙasar sanyi ba shi da dalilin damuwa da wannan. Amma a Garwa, a Maris da Afrilu, inuwa kanta tana haura digiri 40, Kawu kuma a baƙar jaka yake sa kayansa, a ɗaure a bayan moto, rana na dukanta tun daga gida har gona. Cikin jakar nan ya isa ya sa robar ta saki. Sifirin da ke tsakanin kunnuwa yana turawa, roba mai laushi tana ba da kai, in ta huce ta daskare a karkace. Kowace fita tazarar da ya saba da ita sai ta canja, hannu kuma ba ya koyon abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Riƙe dogo ba tsayawa bai taɓa faruwa a shago ba, sai da muka je gona muka kunna watsawa. Eriyar Kawu rabin zango ce da ake ciyarwa daga ƙarshe, irin wadda ke mayar da wani kaso na ƙarfinta ta bayan kebul zuwa jikin rediyo, balle a busasshiyar ƙasar rani. Wayar madannin kuma doguwa ce, ta lasifikar kunne, ba ta da rigar kariya, tana kwance kusa da kebul ɗin. Ta zama ƙaramar eriya, tana kwaso abin da rediyo ya watsa tana mayar wa kiya, kiya ta ɗauka an danna. Da muka rage ƙarfi zuwa rabin wat abin ya daina, da muka mayar wat 5 ya dawo.

A saya ko a gina

Kawu ya tambayi ko a yi odar na kirki kawai a huta. Akwai su, kuma babu mai musun kyansu: Bencher na Amurka, Kent na Ingila, Begali na Italiya. Sai dai waɗanda aka fi sani a cikinsu na tebur ne, gindinsu ƙarfe ne mai nauyin da ya haura kilo, da gangan, don kada su motsa, kuma bakin makunninsu a buɗe yake. Akwai ƙanana na tafiya masu kyau, amma in ka haɗa kuɗinsu da na jirgi da na kwastan ka mayar sefa, ka sayi wani batir da faifan sola. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne, mun riga mun san cutukan ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wadda maganinta ba ya cikin Garwa. Na ce masa, "Kawu, ku ba ni shi. In na gama bai yi muku ba, sai a yi odar." Daga tsohon madannin ba abin da ya tsira sai tsarinsa da girmansa.

Gindi na yanka daga kaurin alminiyam na wata tsohuwar amfilifaya. Yana ɗaukar zafi in rana ta doke shi, amma ba ya lanƙwasa. Wurin juyawar kunnuwa na ciro boris biyu daga matattun rumbunan ajiyar kwamfuta iri ɗaya, wanda hannun karatu ke juyawa a kansa. Boris ne rufaffe, ba ya girgiza ko kaɗan, kuma ƙura ba ta samun hanya cikin sauƙi. Hannuwan na tagulla ne, kowanne na jona masa siririyar waya mai saƙa, mai laushi, kai tsaye zuwa wayar komawa, don kada wuta ta sake dogara da wurin da ke motsi. Ban bar ta ta bi ta alminiyam ɗin ba ma, don shi ma fatarsa ba ta ba wuta hanya sosai. Kunnuwan da yatsu ke taɓawa kafinta ya fere mana su daga itacen kanya, ya bar su ba fenti, saboda roba mai santsi tana zamewa in hannu ya yi gumi.

Bakin makunni shi ya fi cin tunani. Da farko na yi niyyar cire na tsohon rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, amma manyan rile an yi bakinsu ne don wuta mai ƙarfi, kuma wasu tsofaffin akwai kadmiyam a ciki, guba ne in aka goga aka shaƙi garinsa. Na ƙananan rile masu ruwan zinariya sun dace, sai dai sun yi ƙanƙanta da yawa, hannu ba ya iya kafa su daidai. Sai na tuna da maƙeran fari na kasuwa. Na kai wa wani dattijo a cikinsu sukurori na tagulla, na ce, "Baba, azurfa nake so ku ɗora mini a kan kowanne, kamar ƙwayar gero, amma mai kyau, ba gauraye ba." Ya juya sukurun a hannunsa ya tambayi ko na mene ne. Da na gaya masa, ya ce ya yi zobe da awarwaro ba adadi, amma bai taɓa yin abin da zai yi magana da Turai ba. Ya ɗora, ya goge kan ya yi kumburi kaɗan, ya kuma manna ƙananan falle biyu a jikin hannuwan inda ƙwayar za ta riƙa bugawa. Azurfa ta fi kowane ƙarfe ba wuta hanya. Tana yin baƙi da daɗewa, amma baƙin nata siriri ne mai laushi, takarda ta isa ta ɗauke shi. Kumburin kuma yana tara matsi a wuri ɗaya, ya ture ƙura gefe. Aikin dattijon nan ya fi abin da na zata tsabta, kuma ina ganin duk mai gina madanni a ƙasashenmu can ya kamata ya fara nufa.

Sifirin na cire shi gaba ɗaya, na sa maganaɗisu. Akwai ƙanana masu ƙarfi a cikin idon tsohuwar na'urar DVD. Kowane hannu na manna masa ɗaya, na sa sukurun ƙarfe a gabansa yana janyo shi zuwa wurin hutawarsa. Bambancin a yatsa ake jinsa. Sifirin, gwargwadon turawarka gwargwadon ƙaruwar taurinsa. Maganaɗisu kuwa a farko yake riƙewa, da ka raba shi da ƙarfen sai jansa ya ragu, kunne ya tafi ya rufe sarai. Ba a samun rabin taɓawa. Kuma kowane gefe da nasa sukurun, don babban yatsa ya fi manuniya ƙarfi. Abin kiyayewa ɗaya ne: irin wannan maganaɗisu yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, bakin ƙarfen dalma kuwa ya haura 300. Duk aikin dalma sai da na gama shi, ya huce, kafin na kawo su kusa, kuma da gam mai haɗi biyu na kafa su.

Waya na sa gajera mai rigar kariya, ba ta kai mita ba, na naɗa ta zagaye da yawa a zoben ferit dab da filogi, na ɗora kwandensa na nanofarad 1 a kan kowane makunni, duk don kada abin da rediyo ya watsa ya koma wa kiya. Kebul ɗin eriya ma ya samu nasa zoben. Murfi na lanƙwasa daga fallen alminiyam, na liƙa ƙyalle mai gashi a ramin da hannuwa ke fitowa.

Maganar zama wuri ɗaya ta zo da abin da ban yi tsammani ba. Turawa masu hawa dutse da rediyo sukan ɗaura farantin ƙarfe a cinya da maɗauri, madanni ya manne a kai. Na kawo wa Kawu wannan shawara, ya ce shi da babbar riga yake fita, kuma a tabarma yake zama ya tanƙwashe ƙafa, ba zai ɗaura komai a cinya ba. Gaskiyarsa. Sai kafinta ya yi mana allo mai faɗin littafi biyu, muka kafa farantin ƙarfe a kusurwar dama. Allon yana kan cinyarsa, littafi yana hagu, damtsensa yana danne shi ba tare da ya yi tunani ba. A ƙarƙashin madannin na binne manyan maganaɗisu biyu na rumbun kwamfuta, can baya, nesa da ƙananan na ciki don kada su ja su. Na rufe su da salatif, saboda yashin gona akwai baƙin garin ƙarfe a ciki, yana taruwa a kansu, in ba a rufe ba cire shi aiki ne.

Daidaitawa

A nan muka ɗan ja da Kawu. Sukurorin M3 ne, zagaye ɗaya yana tafiyar rabin milimita, saboda haka rubu'in zagaye ya ɗan haura kaurin takardar rubutu, wadda take wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Na sa takarda tsakanin azurfa da azurfa, na matsa har ta fara kamawa, na ɗaure noti. Haka masu sauri suke so, yatsa ya shafa kawai sauti ya fito.

Kawu ya gwada ya ce, "A'a, ɗana. Wannan ai kafin in yi niyya ya riga ya yi magana. Buɗe shi in ji ƙarar ƙarfe."

Hannun da ya girma a kan madanni na asali yana son ya ji tafiya, ya ji bugu. Na nuna masa cewa in tazara ta yi faɗi, yatsa zai ɓata lokaci a hanya, gajere ya makara, kuma ciwon wuyan hannun da ya gudo dominsa zai iya dawowa. Shi kuma ya nuna mini abin da ban yi la'akari da shi ba, cewa a kan cinya ba a kan tebur ba, numfashi da gyara zama suna girgiza allo, tazara mai ƙanƙanta za ta riƙa sakin gajerun da ba a nema ba. Muka tsaya a kaurin takarda biyu, na ƙara wa gefen babban yatsa ɗan jan maganaɗisu. Bai saba matse kunnuwa biyu lokaci guda ba, yadda masu wannan salo suke fitar da C ko Q da matsa ɗaya, kuma ban matsa masa ya koya ba. Ɗaya bayan ɗaya yake turawa, bugun yana fita da tsabta, abin da ake nema ke nan.

Don kada mu dogara da kunnenmu kaɗai, mun duba Reverse Beacon Network, tashoshin da ke sauraren Mos da kwamfuta dare da rana, su rubuta a intanet duk lambar da suka ji tana kiran CQ, da saurinta da ƙarfinta. Kwamfuta ba ta yin kara. In harafi ya karye ba za ta rubuta lambarka daidai ba. Kawu ya yi kira daga gona, ni ina riƙe da waya, sai ga lambarsa ta fito cikakkiya daga tashoshin Turai, da T da J a gaba, sauri 20. Mita kuma yanzu tana tsayawa ƙasa da om ɗaya a kowane gefe, ko an taɓa a hankali ko an matsa. Riƙe dogo bai sake faruwa ba a wat 5.

Madannin ya wuce sauran bazara, ya shiga damina, tazararsa ba ta motsa ba. Kulawar da yake buƙata kaɗan ce: kafin a fara, a zura farar takarda tsakanin azurfar, a rufe kunne a hankali, a ja ta waje. Ba a sa sanfefa, ba a fesa mai, don mai shi ke kama ƙura. Jakar ma mun canja ta zuwa fara, ana naɗe rediyo da batir a cikin tawul, tunda zafin da ya narkar da roba ba alheri yake yi wa batir ba.

Abin da ya rage shi ne zangon mita 40. Kawu yana son ya riƙa tsayawa bayan la'asar ya nemi tashoshin Afirka a megahaz 7, amma wayarsa ta mita 10 ta yi gajarta a can, kuma da muka tilasta mata da na'urar daidaita eriya, ƙarfin da ke dawowa ta kebul ya ƙaru har jikin rediyo yana ɗan cizon yatsa. Madannin bai riƙe ba, amma ba haka ake barin kaya ba. Maganin waya ce mai mita 20, daga darbejiya zuwa wata tsamiya da ke ƙarshen gonar, da ɗan guntun waya a gindin taransifoman da ke haɗa eriya da kebul. Na riga na yanka ta na naɗe. Sai an girbe dawa za mu ja ta, don yanzu karan ya fi mutum tsayi a duk inda za ta bi.